Ku riƙe gishirin, ku bar ruwan ya tafi

'Yan uwa masu fama da lissafin gauraye, musamman inda aka ce an dafa ruwan gishiri har wani ɓangare ya ƙafe, ga hanya mai sauƙi. Ruwa ne kaɗai ke tashi a tururi, gishirin yana nan daram a tukunya. Don haka da shi za ku fara.

A ce akwai kilo 50 na ruwan gishiri, kashi 6 cikin 100 nasa gishiri ne. Kilo nawa zai ƙafe kafin ya zama kashi 10 cikin 100? Gishirin dai kilo 3 ne, ko kafin dahuwa ko bayanta. Idan kilo 3 ne kashi 10 cikin 100 na abin da ya rage, to ragowar kilo 30 ce. A cire 30 daga 50, kilo 20 ya ƙafe.

Inda ɗalibai ke faɗawa rami shi ne su ce daga 6 zuwa 10 bambancin 4 ne, sai su cire kashi 4 na 50, wato kilo 2. Ku gwada mana: 3 cikin 48 ko kashi 7 bai kai ba.

Amma fa dabarar ba ta aiki ga abin da shi ma ke bin tururi, kamar barasa. Kuma a zahiri ruwa ba ya riƙe gishiri fiye da kusan kashi 26 cikin 100 na nauyi, ragowar sai ya kwanta a gindin tukunya.