Kafin ka biya kuɗin bindigar iska ta harbin takarda

Bindigar iska ta farko da na saya, lambar da ke jikin kwalinta ce ta ja ni. An rubuta da manyan haruffa wai harsashinta na gudun ƙafa 1200 a daƙiƙa ɗaya, ga madubin saiti an haɗo da ita kyauta. Na ɗauka tsintuwa na yi. Wata biyu cur na kasa tara harsashi biyar wuri guda a takarda daga mita 20, kai ka ce da hannu nake watsa su. Madubin kuwa ban gama gwangwanin harsashi na biyu ba layukan cikinsa suka karkace. Da na zauna na lissafa abin da na kashe wajen sake madubi da maƙalinsa, sai na ga da tun farko ƙaramar bindiga mai kyau na saya, da har canji zai rage mini.

Don haka abu na farko, ka kawar da kai daga lambar gudu. Takarda ba ta buƙatar ƙarfi kafin ta huje. Bindigogin da ake gasar Olamfik da su a mita 10, gasar da aka shigar tun 1984, ƙarfinsu bai wuce jul 7.5 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi), harsashin yana tafiyar kusan mita 170 a daƙiƙa, wato rabin gudun sauti. Da wannan ɗan ƙarfin ake samun ɗigon tsakiya mai faɗin rabin milimita. Harsashin bindigar iska yana da ƙugu a tsakiya kamar kalangu, kuma idan ya kusanci gudun sauti, wajen mita 343 a daƙiƙa, sai ya fara tangaɗi a hanya. Sannan ita lambar kwalin yawanci da harsashi mara nauyi, wanda ba na darma ba, aka auna ta. Ka biya kuɗin ƙarfin da zai wahalar da hannunka wajen ɗanawa, ya ƙara mata shuri, ya kuma ɓata maka saiti.

Akwai kuma doka, wadda ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Jamus, wadda ba ta wuce jul 7.5 ba tana ɗauke da tambarin harafin F, baligi na iya sayenta ba lasisi. A Ingila iyakar tana wajen jul 16, Sikotilan kuma tana neman takardar izini ko da ƙarfin bai kai haka ba. Wasu ƙasashen kuwa duk bindiga bindiga ce a wurinsu. Ka tambayi hukumar da abin ya shafa a inda kake tun kuɗinka na aljihu.

Faɗin baki ba abin dogon tunani ba ne. Ɗauki milimita 4.5, wanda ake rubutawa .177. Shi ake gasa da shi, harsashinsa ya fi araha, tafiyarsa ta fi miƙewa. Na 5.5 ka bar wa masu wata buƙatar.

Inda lissafin kuɗi yake da gaske shi ne irin injin da ke tura harsashin. Mai sifirin ita ce mafi sauƙin riƙo: ka karya bututun ko ka ja sandar ɗanawa, ka sa harsashi, ka harba. Ba famfo, ba tukunya, daga kai sai gwangwani. Illarta tana motsi kafin harsashi ya fita, don haka sai ka koyi riƙe ta sako-sako, ka ɗora ta a tafin hannu wuri ɗaya kowane harbi, kada ka matse ta. Mai tukunyar iska, wadda ake kira PCP, ba ta shuri ko kaɗan, ko ranar farko ka fara za ka ga harbinka ya taru. Amma farashin da ka gani a jikinta rabin labari ne. Tukunyar tana son matsin iska wajen bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsi), famfon keke ko na tayar mota ba sa ko kusantar nan. Dole ka sayi famfon hannu na musamman, wanda zai sa ka yi gumi sharkaf, ko tukunyar masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa wadda ita ma sai an riƙa cika maka ita ana kuma gwada lafiyarta lokaci zuwa lokaci. Busasshiyar iska kawai ake sa mata. Wanda ya ɗura mata iskar oksijin ya haɗa wa kansa bam. Masu ƙananan kwalaben iskar gas ta CO2 suna da araha wajen saye, sai dai kullum kana sayen kwalba, kuma gudun harsashin yana hawa da sauka da zafi ko sanyin gari, saitin safe daban na rana daban. Akwai wata da mutane ke mantawa da ita, wadda ake matsa mata iska da jan sanda sau ɗaya kafin kowane harbi, irin su Daisy 853 da Feinwerkbau 601. Ba ta shuri, ba ta neman famfo, kuma ga mai harbin mita 10 ban san wadda ta fi ta riba ba.

Yanzu kunama. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan ƙara wa kuɗi, ita ce. Bututun bindigogi da yawa masu matsakaicin farashi ya fi gwanintar mai riƙe da su, amma kunama mai tauri ko mai jan ƙafa kan lalata komai, domin kana cikin ja kana jiran ta saki, bakin bindiga ya riga ya bar inda ka sa shi. Wadda kake nema mai hawa biyu ce: ka ja a hankali ta zo ta tsaya cak kamar ta ci karo da bango, ka ƙara ɗan matsi kaɗan ta saki nan take. Ka duba ko tana da sukurorin daidaita nauyi da tsawon ja. Kunamar Rekord ta kamfanin Weihrauch ta yi suna a kan wannan shekara da shekaru, ta Air Arms TX200 ma haka. Ni ƴar HW30S, mai sifirin ta wannan kamfanin na Weihrauch, nake harbawa yanzu, ta hannu na saye ta, ƙotarta duk ƙarzuna, ƙarfinta bai kai rabin na waccan ta farko ba, amma ina iya wuni ina ɗana ta hannuna bai gaji ba. Idan mai sayarwa ya ce ka gwada kunamar, kada ka harba mai sifirin babu harsashi a ciki, fistin ɗin, wato abin da sifirin ke turawa ya matsa iska, zai daki ƙarshen bututu ba abin da ya tare shi, robarsa ta lalace.

Tunda na ambaci ta hannu, a nan ribar take ga wanda ya iya dubawa. Bindigar gasa ta da, kamar Feinwerkbau 300S da aka yi yayi tun shekarun 1970, idan an kula da ita za ta kunyata sababbi da yawa masu ƙyalli. Ga yadda nake yi. In haska cikin bututu in ga ko akwai tsatsa, in duba bakinsa, domin ƴar lotsawa a daidai inda harsashi ke fita ta isa ta watsa harbi. In duba kawunan sukurori: idan duk sun cinye, wani ya sha buɗe ta da makamin da bai dace ba. Idan mai karyewa ce, in rufe bututun in girgiza shi hagu da dama, kada in ji yana rawa, sannan in duba ƴar robar da ke bakin wurin sa harsashi. Wajen ɗanawa ina saurare, ƙarar gurzawa alama ce ta karyayyen sifirin. Hayaƙi da ƙara mai ƙarfi bayan harbi kuma na nufin an cika mata mai a ciki, yana kamawa da wuta saboda matsi. Idan PCP ce, a cika ta a bar ta ta kwana, da safe a ga ko allurar ta sauka. A kuma karanta kwanan watan da ke jikin tukunyar, domin kamfanonin bindigogin gasa da yawa shekara 10 suke ba ta, kuma sabuwa ba ta da araha. Na ƙarshe, ka tabbata ana samun robobi da sifirin ɗinta har yanzu. Roba ɗaya da ta ɓace a kasuwa ta isa ta mai da bindiga sandar ado.

Batun madubi, ba dole ba ne ka fara da shi. A gasar mita 10 ma ba a yarda da shi ba, ƴar ƙofa ce ake leƙawa ta baya da zobe a gaba. Idan za ka yi nisa, mita 25 zuwa sama, to ka sayi wanda aka rubuta ya jure mai sifirin, domin ita shurinta biyu ne, baya sannan gaba, shi ya kashe nawa na kyauta. Ka haɗa da maƙali mai ƴar ƙusar da ke hana shi zamewa, kuma madubin ya zama ana iya daidaita ganinsa har ƙasa zuwa mita 10.

Ka kuma rage wani abu a kuɗin don harsashi, akwatin ƙarfe na tare harbi, da tabarau na kare ido. Kowane bututu da harsashin da yake so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Ka sayi gwangwani ɗaya ɗaya daga kamfanonin harsashi JSB, H&N da RWS, masu shimfiɗaɗɗen kai don mita 10 saboda suna yanke takarda tsaf, masu zagayen kai don nesa. A ƙasan gwangwanin za ka ga an rubuta 4.50 ko 4.51 ko 4.52, wannan ɗan bambancin ma yana aiki. Darma ce, ka wanke hannu bayan ka gama.

Gwajin da nake yanke hukunci da shi bai da wuya. In zauna a tebur, in ɗora hannuna a kan jakar yashi, in harba goma wuri ɗaya ba tare da na damu ko sun sami tsakiya ba, tunda wannan aikin juya sukurorin saiti ne. Abin da nake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin ramuka biyu mafi nisa da juna. In maimaita sau uku da kowane irin harsashi. Idan a mita 10 goman suka haɗu suka zama rami ɗaya da kan ɗan yatsana zai rufe, sai mu fara ciniki. Mai sayarwar da ya hana ni wannan gwajin, nakan gode masa in mayar masa da kayansa.