Idan Babur Ya Ƙi Tashi Da Safe

Wannan na babur mai kafireta ne, irin su Bajaj Boxer da Jincheng.

1. Duba mai tukuna. Buɗe tanki, sannan ka tabbata makunnin mai yana kan ON ko RES (wato man ajiya). Kar ka raina wannan.

2. In sanyin hunturu ne, ja cok (abin da ke rage iska don mai ya ƙaru a inji), ka buga kik ba tare da murɗa totur ba. Da inji ya ɗumama, mayar da cok ɗin.

3. Kwance fulogi, domin galibi a nan matsalar take. In ya yi baƙi ƙirin, mai na yi wa inji yawa, ko matatar iska ta toshe da ƙura. In a jiƙe yake da fetur, shanya shi, ka buga kik kaɗan don injin ya fitar da man. Sai ka sa masa hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, ka sake buga kik. Shuɗiyar wuta mai ƙarfi ake nema a bakin fulogin. In ja ce mai rauni, ko babu sam, gwada sabon fulogi kafin ka zargi kwayil, wanda ke ba fulogi wuta.

4. Akwai wuta amma shiru? Sassauta ƙusar da ke gindin kafireta, ka tari man a kwalba. Ruwa da datti za su kwanta a ƙasa, abin da masu sayen man bumburutu suka fi gamuwa da shi. Wanke kafiretar, ka hure ƙananan ramukanta, kada ka cusa waya.

5. In kik ya yi laushi, ba ya turjiya, kai wa bakanike ya duba bawul da zoben fistin.