Abin da uba zai yi idan ɗansa ya yi ɓarna kuma bidiyon ya bazu

Idan aka turo maka bidiyon ɗanka matashi yana fasa fitilar kan titi a Kubwa da ke Abuja, ko yana karce motar maƙwabci da ƙusa don abokansa su yi dariya a TikTok, kada ka fara da duka, kuma kada ka ce sharri aka yi masa. Ka zaunar da shi, ka karɓi wayar, ka tambaye shi wanda ya ɗauki bidiyon da wanda ya ɗora shi.

Washegari ka tafi da shi wurin mai kayan, tare da mai unguwa ko wani dattijo, ya ba da haƙuri da bakinsa, ku kira kanikawa ko mai gyara su faɗi kuɗin aikin. Ka biya, amma ka riƙa cirewa daga kuɗin kashewarsa, domin idan yaro bai ji zafin asarar ba, to zai ƙara aikatawa.

Idan maganar ta kai kotu, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta ba alƙali ikon umartar iyaye su biya diyya. Goge bidiyon kuwa ba ya isa, tunda wasu sun riga sun adana shi a wayoyinsu.