Yadda Ake Sikanin Dodon Hoto Mai Kala Ya Fito da Kamannin Fim na Asali

Mai son hotonsa ya fito da kamannin fim sai ya bari fim ɗin ya yi aikinsa. Sau da yawa hotunan da ke lalacewa wajen sikani, kwamfuta ce ta yi musu gyaran da ba a sa ta ba.

Ka fara da tsabta. Ka riƙe fim ta gefe kawai, ka sa safar hannu ta auduga, ka hure shi da 'yar robar hura iska, ba da baki ba. Lokacin hunturu kuwa ka rufe taga, domin ƙwayar ƙura guda a kan fim mai faɗin milimita 35 tana zama ƙaton farin tabo bayan an juya hoton, wato an mayar da dodon zuwa launinsa na gaskiya.

Hanyar ɗauka biyu ce. Ko dai na'urar sikani, irin su Epson V600 ko Plustek OpticFilm 8200i, ko kuma kyamarar dijital mai gilashin ɗaukar kusa, ka ɗora fim a kan farantin haske mai CRI (ma'aunin ingancin launin haske) 95 ko sama. In na'ura ce, ka zaɓi dpi 2400 zuwa 3200, ka adana a tsarin fayil na TIFF mai bit 16. In kyamara ce, ka ɗauka a RAW (ɗanyen fayil na kyamara), ISO mafi ƙanƙanta, buɗin gilashi f/8, ka kashe fitilar ɗaki. Kada ka fara da JPEG, zai tsinke maka launi tun kafin ka soma gyara.

Daga nan ka shiga saitin na'ura ka kashe komai na kai-tsaye: ƙara kaifi, gyaran launi, rage ƙwayoyin fim masu kama da yashi. Abu ɗaya nake bari a kunne, Digital ICE, mai gano ƙura ta hanyar hasken infrared. Yana aiki da kyau a kan fim mai kala, amma ba ya yi a kan baƙi-da-fari na gargajiya saboda azurfar da ke jikinsa.

Matakin da ya fi kowanne nauyi shi ne launin ruwan goro da ke lulluɓe da fim. Yawancin fim mai kala da ake wankewa da tsarin C-41, wanda Kodak ta fito da shi a 1972, yana da wannan rufi, kuma da gangan aka sa shi don ya gyara naƙasun rinin da ke ciki yayin buga hoto a takarda. Idan ka juya hoton haka kawai, komai zai fito shuɗi fayau. Saboda haka ka haɗa da ɗan gefen fim, wurin da haske bai taɓa ba tsakanin hoto da hoto, ka daidaita farin launi a kansa, sannan ka yanke gefen ka juya. Kowane irin fim da nasa rufin. Na Kodak Gold 200 daban yake da na Portra 400, don haka saitin wannan ba zai yi wa wancan ba. Masu manhajar gyaran hoto ta Lightroom suna juyawa da Negative Lab Pro. Wanda ba ya son kashe kuɗi ya sauke manhajar darktable, akwai negadoctor a ciki kyauta.

Bayan juyawa ka bi ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi abin da ka san launinsa a cikin hoton, farar riga ko bangon siminti, ka gyara har ya koma daidai. Amma kada ka wanke halin fim ɗin gaba ɗaya. Gold yana da ɗumi mai rawaya-rawaya, Portra launinsa a tausashe yake, Ektar 100 kuwa ja da shuɗinsa suna da ƙarfi. Wannan bambancin shi ne dalilin sayen fim tun farko.

Ina roƙon a kula da fatar mutane. Gyaran kai-tsaye yakan haskaka baƙar fata har ta yi toka-toka, ko ya tura ta ta yi jawur. Hoton kakarka a ranar suna ya cancanci launinta na gaskiya, don haka da idonka za ka gyara shi, a allon da ba a cika wa haske ba.

Fim mai kala yana riƙe wuraren haske sosai, shi ya sa farar shadda a tsakar rana take fitowa da zanenta. Kada ka ja fari ya ƙure, kuma ka bar inuwa da ɗan sauƙin duhu. Ƙwayoyin nan masu kama da yashi ka bar su yadda suke, kaifi kaɗan ya isa.

In ka gama hoto ɗaya, ka kwafi saitinsa zuwa sauran na wannan nadi da aka ɗauka a haske iri ɗaya. Ka ajiye TIFF ko RAW na asali a wuri biyu, fim ɗin kuma ka mayar da shi cikin rigarsa, nesa da zafi da laimar damina, domin su ne ke kawo fumfuna da kodewar rini.