Yadda nake ɗaukar hoton Hamburg, birnin jan bulo da ruwa

Kafin ka taɓa kyamara a Hamburg ta ƙasar Jamus, nemi jadawalin cikar ruwa da janyewarsa na ranar. Tsakanin birnin da Tekun Arewa akwai kimanin kilomita 100, amma duk da haka kogin Elbe yana hawa yana sauka sau biyu a rana, kuma bambancin ya haura mita uku. Idan ka isa Speicherstadt ruwa ya janye, laka za ka tarar a ƙarƙashin gadoji. Idan ya cika, gine-ginen gaba ɗaya sukan bayyana a cikinsa, hoto ɗaya ya zama biyu.

Speicherstadt ita ce unguwar sito-siton da aka gina tsakanin 1883 da 1927 a kan dirakun katako, inda aka riƙa ajiye kofi, shayi, koko, kayan yaji da dardumai. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Kowa gadar Poggenmühlenbrücke yake nufa don ya ɗauki ginin Wasserschloss da ke tsakanin mashigan ruwa biyu. Ka je, wurin ya cancanta, amma ka je bayan faɗuwar rana kaɗan, lokacin da aka kunna fitilu alhali sama ba ta gama duhu ba. Ka kafa kyamara a kan ƙafa uku, ka bar ta a buɗe daƙiƙa goma zuwa ashirin, ruwan zai kwanta sumul. Idan kwalekwalen yawon buɗe ido ya wuce, dakata igiyar ruwan ta lafa tukuna. Da ka samu wannan, bar wurin ka shiga lunguna. Abin da ya fi burge ni a unguwar shi ne ƙofofin da ke jere hawa bisa hawa, da na'urar ɗaga kaya a can ƙololuwa, domin su ne ke nuna yadda a dā buhuna ke tashi daga kwalekwale zuwa hawa na shida.

Kada ka ji haushin hadari. Jan bulo ya fi kyau idan sama ta lulluɓe, musamman bayan yayyafi, lokacin da launinsa ke ƙara zurfi. Rana tsaka tana cika tagogi da baƙar inuwa. Ka tuna kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu na yamma ta tafi.

Dogon gini yana da tarko: da zarar ka ɗaga bakin kyamara sama, bangaye su karkata kamar za su faɗi baya. Ja da baya, ka riƙe ta a miƙe, ka yanke ƙasan hoton daga baya. A ginin Chilehaus kaɗai nake karya wannan doka. Fritz Höger ya gina shi tsakanin 1922 da 1924 da kusurwa mai tsini irin ta goshin jirgin ruwa, don haka tsaya gaban tsinin, ka durƙusa, ka bar shi ya soki sama.

Sai mutane, domin tashar jiragen ruwa ba gidan tarihi ba ce. Hau jirgin fito mai lamba 62 daga Landungsbrücken zuwa Finkenwerder. Tikitin bas da jirgin ƙasa na birni ya isa. Daga samansa za ka ga manyan jiragen kwantena da ma'aikata masu komawa gida. A nan ka sa saurin ɗauka ya kai 1/500 na daƙiƙa, saboda jirgin yana rawa. Tsohon ramin wucewa da ke ƙarƙashin Elbe, wanda aka buɗe a 1911, tsawonsa mita 426, haskensa kaɗan ne: ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na kama haske, ka jira mai keke ya shigo tsakiya.

Kasuwar kifi ta Altona tana ci tun 1703, kowace Lahadi, daga ƙarfe biyar na asuba a lokacin zafi, bakwai a lokacin sanyi, ta tashi tara da rabi. Ni hannaye nake bi a can: mai naɗe kifi a takarda, mai miƙa canji. Dokar Jamus ta yarda ka ɗauki gini daga kan titi, amma yaɗa fuskar mutum sai da yardarsa. Ka gaishe shi, ka sayi wani abu, ka nuna kyamara ka jira ya gyaɗa kai. Idan ya ƙi, ka gode masa ka wuce. Yara kuwa, sai iyayensu sun amince.