Yadda Za a Koya wa Yaro Tuƙi Cikin Natsuwa

Da yawa daga direbobinmu a tasha suka koyi mota, tun daga wanke ta har zuwa matsar da ita idan maigida ya tafi sallah, kuma duk abin da yaro ya ga ubangidansa yana yi a kan titi shi yake ɗauka daidai. Saboda haka mai koyarwa ya fara gyara nasa tuƙin, ya ɗaura bel, ya ajiye waya, kafin ya buɗe baki.

A sa yaron a makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita, a karɓar masa takardar izinin koyo, a manna jan harafin L gaba da baya. Doka ba ta ba da lasisi ga wanda bai cika shekara 18 ba, komai tsayin ƙafarsa.

Darasin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne gudu. Ƙaramar mota ba ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi irin ta Kaduna zuwa Kano. Haddar lambobin ba ta wadatarwa, sai an nuna masa dalili: motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata yakan ninka sau huɗu. A sa shi ya zaɓi wata bishiya a gefen hanya, idan motar gabansa ta gifta ta ya ƙirga daƙiƙa biyu, in ya isa wurin kafin ya gama, to ya matse ta da yawa. A lokacin hazo ko damina a ninka wannan rata.

A shataletale, wanda ya taho daga hagu ake ba hanya. Ba a shan gaban mota a kwana, ko a kan gada, ko a hawan tudu, ko da fasinjoji suna ƙorafin za su makara.

A kuma koya masa karanta taya, domin lambobi huɗun da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ya haddace lambar 122, wadda ake kiran jami'an hukumar da ita idan an yi haɗari.