Yadda Za Ka Ɗauki Rigimar Bashi da Kyamarar Waya

Fara da riƙe wayar a kwance, ka ja baya ka ɗauko shagon duka, mai kallo ya san inda ake.

Sai ka durƙusa, kyamara daidai ƙugun mai bin bashi, tana kallon sama. Daga ƙasa mutum yakan cika ido, ya yi kwarjini. Wanda ake bi kuwa, hau benci ka ɗauko shi daga sama. Nan take zai ƙanƙance, ko bai ce uffan ba.

In magana ta yi zafi, taka da ƙafarka ka matsa kusa. Zuƙowa da yatsa dusashe hoto take yi. Kama yatsun wanda ake bi suna murza hula, wannan ya fi kuka tasiri.

Tsaya a gefe guda nasu har ƙarshe. In ka zagaya, za su fito kamar waje ɗaya suke kallo.